Ranar da Taubashina Ya Koma Bakin Rijiya

Ni ne na kai taubashina gidan kaso. Na fara da wannan don kada wani ya ɗauka ina neman inda zan raɓe. Ba ni na yanke hukunci ba, ba ni na riƙe makulli ba, amma ni na hau babur na tafi wurin jandarmomi da takardar likita a aljihu, alhali dattawan garinmu suna zaune a zauren maigari suna jiran in zo a yi magana.

Ɗan kawuna ne, ɗan wan mahaifiyata, ya ba ni shekara biyu. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba. Da na zama malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa sai ya sa mini suna mai hannun alli, yana cewa ko kaza aka ba ni in riƙe sai ta kuɓuce. Ni kuma ina ce masa kwaɗo, saboda sana'arsa yasar rijiya. Ƙauyenmu yana bayan Kona, cikin rairayi, rijiyarmu kuwa zurfinta ya haura gaba talatin. Idan ka leƙa, ruwan bai fi bakin ludayi ba a ido. Duk shekara idan bazara ta yi zafi, rairayi ya zubo ya toshe idon ruwa, shi ake ɗaura wa igiya a saukar da shi ya kwashe. Yana can ƙasa yana zagin na sama ɗaya bayan ɗaya, muryarsa tana fitowa da kauri, mata suna dariya har su manta da tulunansu. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba, kuma gaskiya ina jin haushin hakan tun ƙuruciya.

Yana da zuciya, wannan kowa ya sani. Wata damina suka yi gardama da ƙanena a kan layin gamba da ya raba gonarmu da ta kawu. Ƙanena ya ce an matso da gambar, shi ya ce ƙarya ne. Magana ta yi magana, ya ɗaga ƙotar hauya ya sauke masa a gefen kai. A amalanke aka kai ƙanena likita, jini yana fita ta kunne. Ya rayu, amma kunnen hagu bai sake jin komai ba.

Da labari ya iso mini na bar yara a aji na taho. Na tarar maigari ya riga ya tsara yadda za a yi, irin yadda aka saba. Kawu zai zo gidanmu ya tuɓe hula. Wanda ya yi dukan zai durƙusa gaban jama'a ya nemi gafara, sannan ya nome gonar ƙanena har girbi, tunda shi ya kwantar da mai ita. Ni kuwa da na ga ƙanena kwance da farin ƙyalle a kai, sai na ga duk wannan wasan yara ne. Na tsaya tsakar gida na yi wa mahaifiyata lacca, kamar ina gaban allo. Na ce wanda ya zubar da jini dole ya ɗanɗana, don ya cancanci haka. Na ce idan aka bar wannan, baɗi wani zai ɗauki gatari. Har na ce don amfaninsa ne, a can za a koya masa riƙe zuciyarsa. Na yarda da kowace kalma a lokacin, kuma har yau ban ce duka ƙarya ba ne.

Tana tankaɗe ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce, "To, in anka ruhe shi, kunnen ƙanenka shina buɗewa?"

Na ce ba wannan ake magana ba.

Ta ce, "Ni dai wanga ɗana, wancan ɗan wana. Kai ka yi boko, ka san abin da kake yi."

Shekara biyu alƙali ya ba shi. Zaman shari'ar bai kai tsawon darasi ɗaya ba. Da za a fita da shi ya waiwayo ya dube ni, na jira zagi, don na saba. Sai ya juya aka wuce da shi. Bayan ƴan watanni aka mayar da shi wani gidan kaso mai nisa, tafiyar yini guda a mota.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne gonar ƙanena. Wanda zai nome ta yana kulle, mai ita yana kwance, ni kuma hannun alli. Ciyawa ta cinye rabin hatsin. Kawu ya daina tako ƙofar gidanmu. Mahaifiyata tana zuwa wurinsa ta bayan gari, ta ce mana za ta neman ganye, mu ma mu yi kamar mun yarda. Damina ta zagayo, aka yi faɗan iyaka har biyu a garin, ɗaya ma an fasa wa wani baki. Ban ji ba sai bayan wata uku, a bakin wani direba. Ashe mutane ba su daina faɗa ba, sun dai daina yinsa inda zan ji. Idan na iso dandali sai hira ta mutu, wani ya tashi ya ce zai duba akuyarsa. Samari suna ce mini jandarma a bayan ido, kuma sun tabbatar na sani.

Sau ɗaya na je ganin taubashina a gidan kaso. Na ɗauki ƙuli-ƙuli da garin rogo da sukari, na sha mota tun safe, na isa ƙofar. Na ga mata a jere a gindin bango da kwanoni, kowa tana jiran a kira ta. Na miƙa wa mai gadi ƙullin na faɗi sunansa. Ya ce in jira a fito da shi. Na ce ina sauri, motata za ta tashi. Babu motar da za ta tashi. Na koma tasha na zauna awa uku ina jin kunyar kaina.

Da wa'adinsa ya matso, barci ya fara yi mini wuya. Ina cikin rubutu a allo sai in tsaya, in ga rumbun ƙanena yana cin wuta. Ko in ga an tare ni a kan turbar rairayi tsakanin Kona da gida, inda babur ba ya gudu. Na tambayi abokan aikina a fakaice, kamar labarin wani nake yi. Ɗaya ya ce duk wanda ya shiga can da laifi ɗaya da goma yake fitowa, don makaranta ce. Wani ya ce shi ya san mutumin da ya fito da izu ashirin a ka, yanzu shi ke limanci. Na koma ɗaki da maganganun biyu, ban san wadda zan ajiye ba. Na je na sami ƙanena na ce ya zo Tasawa ya zauna wurina na ɗan lokaci. Ya juyo mini da kunnen dama, yadda ya koyi yi, ya sa na maimaita. Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, in bar gidana don mi? Ni anka buga, ni kuma za ni gudu?"

Taubashina ya dawo ranar wata Laraba. Na ɗaure zuciya na je ranar Asabar. Na same shi a ƙofar gidan kawu, zaune a tabarma, ya rame amma ba sosai ba. Yana hango ni ya miƙe tsaye, hannuwa a gefe.

Na yi ta maza na ce, "Kwaɗo, an hito?"

Ya ce, "Na'am, Malam. Lahiya lau, Malam."

Bai zauna ba sai da na ce ya zauna. Na jefa masa tsokana biyu uku, irin waɗanda a da sai ya rama da bakwai. Ya yi murmushi yana kallon ƙasa. Na tashi na tafi da sauƙi a raina, ba zan ɓoye ba. Babu wuta, babu gatari. Mutanen gari ma suka yi ta cewa ya yi hankali, ko yaro ya taka shi sai ya ba yaron haƙuri. Na koma Tasawa na gaya wa abokin aikin nan nawa mai maganar laifi goma cewa ya yi kuskure, ga nawa ya fito a gyare. Har da ɗan alfahari na faɗa.

Sauƙin bai daɗe ba. Mahaifiyata ce ta riƙa kawo mini labari guntu-guntu, ba ta ƙara nata a kai. Matar taubashina ta ce ya cire ƙyauren ɗakinsa ya jingine, kuma duk da haka a tsakar gida yake kwana. Idan an ba shi tuwo yakan zagaye kwanon da hannu, ya cinye kafin wani ya kai loma uku. Magidanci mai ƴaƴa huɗu, idan zai zaga daji sai ya tsaya gaban kawu ya nemi izini. Kawu ya yi faɗa, ya yi lallashi, daga baya ya koma cewa jeka kawai.

Zaman neman gafara kuwa ba a yi shi ba. Dangin kawu suka ce wace gafara kuma, ai hukuma ta karɓi nata, shekara biyu ba kwana biyu ba ce. Ƙanena ya ce shi dai har yau ba wanda ya dube shi ya ce yi haƙuri. Suna haɗuwa a masallaci, sahu ɗaya wani lokaci, a sallame kowa ya nemi takalminsa. Na ga kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma na san wanda ya raba gaskiyar gida biyu.

Bazarar da ta biyo ta yi tsanani. Ruwan rijiya ya ja baya, wasaki yana fitowa da laka rabi. A shekarun da ba ya nan an taɓa ɗauko wani mai yasa daga wajen Mayahi, ya yi yini ɗaya ya ce rijiyar ta fi ƙarfinsa. Yanzu mata suna tsayuwa tun hantsi har azahar kan tulu biyu, makiyayan da ke zaune arewa da mu suna kora awakinsu su koma ba su sha ba. Maigari ya aika a gaya wa kawu cewa gari yana buƙatar ɗansa. Ina gida hutun lakwal. Na ji an ce ɗan ya amsa da to, ba wata magana.

Da safe bayan rana ta ɗan ɗaga muka taru. An gitta itace a bakin rijiya, an kawo sabuwar igiya mai kauri da guntun icen da mai yasa ke zama a kai. A wurinmu mutum biyar ke riƙe igiya, amma na gaba shi ne mai aikin. Shi ke tsaye a baki, igiya tana bi ta tafinsa, shi ke jin abin da na ƙasa yake ciki. Idan na ƙasa ya fizga sau biyu, na gaba ya ce a ja. Mai yasa da bakinsa yake zaɓen na gaba, ba a zaɓa masa, ko maigari ba ya sa baki, don ransa ne zai ba mutum riƙo. Kuma ba a jawo mai yasa bai nema ba. Wanda aka jawo haka, an gaya wa duniya ke nan cewa tsoro ya kama shi, ba garin da zai sake kiransa.

Taubashina ya tuɓe riga, aka ɗaura masa igiya a ƙugu da hammata. Maigari ya ce, "To, wa ka riƙa maka?"

Ya tsaya yana kallon yatsun ƙafarsa.

Maigari ya sake tambaya. Ya ce a hankali, "Wanda kunka ce."

"Ba mu ka cewa ba, kai ka cewa. Ka manta?"

"Duk wanda anka ce, ranka shi daɗe."

Abokansa na da, waɗanda suka sha riƙe masa, suka tsaya suna duban juna, don ba wanda yake so ya miƙa hannu ba a kira shi ba. Na ga kawu ya juya baya. Ban san abin da ya tura ni ba, kunya ce ko neman wanke kai, sai na ji bakina ya ce ni zan riƙe. Wani ya yi tsaki. Wani daga baya ya ce a dai sa ƙarfafa huɗu bayan malam. Taubashina ya ɗago ya dube ni ya ce, "To, Malam."

Muka fara saki. Ya shige, kansa ya ɓace, igiya tana tafiya a tafina da zafi. Gaba ɗaya, biyu, uku. Kowa ya kasa kunne yana jiran zagin nan da aka yi shekara biyu ba a ji ba. Wata tsohuwa har ta leƙa ta ce, "Kai, ba ka gaishe mu?" Ba abin da ya fito daga ciki sai ƙarar rairayi yana zuba.

Wajen gaba takwas na fara jin wani abu a hannuna. Ba fizga ba ce. Rawa ce ƙanana, mai sauri, irin ta mai zazzaɓi, tana hawowa ta cikin igiya har gwiwar hannuna. Na ɗauka nawa hannun ne. Na ce a dakata. Muka tsaya, rawar ba ta tsaya ba. Na leƙa, ban ga komai ba sai ɗan hasken kafaɗarsa. Na kira shi. Na kira shi da sunansa na yanka, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo. Can na ji, "Na'am, Malam," da wata murya siririya, da numfashi a bayanta kamar na wanda ya yi gudu.

Na ce, "A ja ka?"

Na kasa kunne, numfashinsa kawai nake ji.

Na bayana ya ce, "Bai hizga ba, Malam. Saki mu ci gaba, rana tana yi."

A nan na gane ba zai fizga ba. Ko numfashinsa zai ɗauke, ko hannunsa zai saki ya kife a kan icen, ba zai nemi a fitar da shi ba, domin ya yi shekara biyu a inda ba a fita don an nema. Saura fiye da gaba ashirin a ƙasansa, kuma can iska ta fi ƙaranci. Idan na saki, wataƙila ya daure ya isa, ya dawo mutumin da yake. Wataƙila kuma mu jawo gawa. Idan na ce a ja, na kashe masa sana'a a gaban garin duka, ita kaɗai ce abin da ya rage masa. Na dubi maigari, ya kawar da kai, don ba a hannunsa igiya take ba. Gumi ya cika mini ido. Na tsani tsayuwar nan, na tsani cewa karo na biyu ke nan rayuwar mutumin nan tana jiran abin da zan ce, ni da ban iya riƙe kaza ba.

Rawar ta ƙaru, sannan na ji nauyin ya karkata gefe guda.

Na ce, "A ja! Ku ja!"

Muka ja. Fatar tafina ta saluɓe ban ji ba sai daga baya. Da kansa ya bayyana, fuskarsa ta yi fari kamar an shafa toka, idanu a buɗe ba sa kallon kowa, ya ƙanƙame igiya har sai da aka ɓamɓare yatsunsa. Aka zaunar da shi a ƙasa. Bai miƙe ƙafa ba, bai kwanta ba. Ya tsuguna ya haɗa gwiwoyi, ya ɗora hannuwa a ka, ya sunkuyar da kai. Mata suka fara janye yaransu. Aka yayyafa masa ruwa, ya yi ajiyar zuciya, ya ɗago ya nemi fuskata cikin mutane.

Ya ce, "Ku yi haƙuri, Malam. In koma?"

Ina tsaye haka ƙanena ya ratso mutane. Ban ma san ya zo ba, don ya ce ba zai zo ba. Ya tsaya a kansa ya daɗe yana kallonsa, ya karkato kunnen dama kamar yana jiran wata magana. Ba ta zo ba. Sai ya tuɓe rigarsa ya yafa masa a kafaɗa, ya kwance igiyar daga ƙugunsa da hannunsa, a hankali, ƙulli bayan ƙulli.

Da ya gama ya juyo wurina. Bai ɗaga murya ba, amma tun da kunnensa ya mutu ba ya iya auna ta, saboda haka duk wanda ke bakin rijiyar ya ji.

Ya ce, "Yaya, wanga ba shi ne ya buge ni ba. Ina ka kai wancan? Da shi nike da magana."